Yadda Ake Tara Tsoffin Afish Da Hotunan Fina-finan Faransa Da Suka Tada Ƙura

Ni a Yamai nike, kuma abin da ya jefa ni cikin wannan harka wata rana ce na sayi ƙosai aka naɗe min shi cikin yankin tsohuwar afish ta sinima, wato takardar tallar fim, mai ya riga ya cinye rabin fuskar wanda ke jiki, wallahi har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci. Tun ranar nike bin su ina tarawa.

Da farko ka san abin da kake nema, don fim mai tada ƙura iri-iri ne. Akwai na batsa, waɗannan ban kawo su gidana. Waɗanda nike bi su ne waɗanda aka hana saboda sun taɓo maganar mulkin mallaka ko yaƙi ko addini. Afrique 50 na René Vautier, na 1950, ya nuna zaluncin Nasara a ƙasashenmu, aka hana shi fiye da shekara 40, shi kuma ya sha kurkuku. Le Petit Soldat na Godard an ɗauke shi a 1960, bai fito ba sai 1963 saboda maganar yaƙin Aljeriya. La Religieuse na Rivette an hana shi a 1966. Sai wanda ya fi kusa da mu, Les Maîtres fous na Jean Rouch, da ya ɗauka a Akra kan 'yan Hauka, wato masu wani irin bori, mutanenmu ne 'yan Nijar da suka tafi cin rani, kuma tun nunin farko a Paris ɗalibai 'yan Afirka suka ce wulaƙanci ne. Rouch ɗin nan a hanyar Ƙwanni ya yi hatsarin mota ya mutu a 2004, a nan Yamai aka binne shi.

Sanin shekarun nan shi ke tsare ma aljihu. Wanda ya ce ma yana da afish ɗin Le Petit Soldat da aka manna a sinima a 1960, to ka riƙe kuɗinka, fim ɗin bai ma fito ba lokacin. Haka Afrique 50, a ɓoye ake nuna shi, ina zai samu babbar afish ta ƙofar sinima?

Sai awo, ka riƙa yawo da mita a aljihu. Babbar afish ta Faransa santimita 120 ce a 160, matsakaiciya 60 a 80, ƙarama 40 a 60. Tsoffin kusan duk a ninke ake aiko su, don haka sawun ninki ba aibi ba ne, shaida ce ma. Wadda za ka ji tsoro ita ce mai takarda mai kauri mai sheƙi, sumul ba ninki ko ɗaya, ta kwanan nan ce. Duba can ƙasa a gefe, da ƙananan baƙaƙe ake sa sunan gidan da ya buga ta, kuma sau da yawa akwai lambar biza ta fim ɗin, wato lambar izinin nuna shi, ka ɗauka da waya ka jawo hoton ka karanta. Ka lura fim yakan sake fitowa bayan shekaru da sabuwar afish, ita ma ta gaske ce amma ba kuɗinsu ɗaya da ta farko ba.

Hotuna kuma su ne waɗanda ake kafewa a allon ƙofar sinima mutane su tsaya suna kallo kafin su yanki tike. Ka juya bayansu, wani lokaci akwai hatimi ko rubutun hannu, kusurwoyin kuma da hudojin ƙusa, wani har tsatsa ta zauna a wurin.

Ina ake samu? Ba a kanti ba. Ka bi masu baza tsoffin littattafai a ƙasa, ka leƙa kasuwar Katako, amma babbar hanya ita ce tsofaffin da suka yi aikin sinima, masu haska fim da masu yankan tike na zamanin da kamfanonin COMACICO da SECMA ke rarraba fina-finai a ƙasashen nan. Ka je da goro, ka gaida mutum, ka ce Baba labari na zo ji, kar ka buɗe baki da maganar kuɗi. In ya fito da akwatin ƙarfensa ka biya shi da mutunci, jikka biyu ko biyar ba za su talauta ka ba, kuma ka rubuta abin da ya faɗa, wace sinima, wace shekara, don a wurina afish da ta sha ranar Yamai ta fi wadda za a aiko ma daga intanet.

Ajiya ita ce wahalar. Kar ka sa skoc, ni na yi wannan kuskuren sau ɗaya, bayan shekara biyu wurin ya koma ruwan ƙasa ya ci takardar. Kar ka kai afish a yi mata leda da zafi, an kashe ta kenan. Rana tana cinye ja da rawaya, damina tana kawo laima, gara kuma ba ta jiran kowa, saboda haka ka shimfiɗa su kwance, farar takarda tsakanin kowace biyu, akwatin a kan tebur nesa da bango. Wadda kake so ka rataya a falo ka kai a yi ma kwafi, ta asalin ta koma akwati, duk ƙarshen wata ka buɗe ka duba.