Kurakuran da masu neman aikin fosdok a kimiyyar halittu ke yawan yi

Wanda ya kammala digirin digirgir yakan ɗauka sai jami'a ta buga talla sannan gurbin fosdok, wato aikin bincike na ɗan lokaci bayan digirgir, zai samu. Gurabe da dama kuwa ana cike su ne ta wasiƙar da mutum ya aika wa shugaban ɗakin bincike kai tsaye. Leƙa shafukan tallar aiki irin su EURAXESS ko Nature Careers ba laifi ba ne, amma zama a kansu kaɗai jiran gawon shanu ne.

A wasiƙar aka fi yin ɓarna. "Farfesa, bincikenka yana burge ni ƙwarai," a tura wa mutum talatin, suna kawai aka sauya. Daga layin farko ake ganewa. Ka karanta maƙaloli biyu ko uku da 'yan ɗakin binciken suka fitar kwanan nan, ka kama abu guda. A ce sun nuna wani furotin yana barin bangon ƙwayar halitta ya shige ciki, ba su gano dalili ba, kai kuma ka ƙware a ɗaukar hoton ƙwayoyi masu rai da madubin ƙara girma. To faɗi haka, ka kawo gwajin da za ka fara da shi. Sakin layi uku sun isa. In maƙalarka tana hannun mujalla, ɗora ta a bioRxiv, shafin da ake sa maƙaloli kafin mujalla ta buga su, don a ga aikinka da ido.

Sai sakaci da wa'adin neman tallafin bincike, wanda ke fara ƙirge tun ranar da aka ba ka digiri. Tallafin EMBO, ƙungiyar masana kimiyyar halittu ta Turai, na waɗanda ba su wuce shekara 2 da gamawa ba ne, na Humboldt a Jamus shekara 4, na Marie Curie na Tarayyar Turai shekara 8 na aikin bincike. Na ƙarshen yana da wani tarko: in ka zauna a ƙasar da kake nema fiye da wata 12 cikin wata 36 da suka wuce, ka fita. Wasu kuma su ɓata makonni a kan tallafin F32 na NIH, hukumar binciken lafiya ta Amurka, alhali na 'yan Amurka ne da masu izinin zama na dindindin.

Sunan jami'a yana ruɗar mutane, nan ma a yi hattara. Da shugaban ɗakin za ka wuni kullum. Tambaye shi daga ina albashinka zai fito, kuma shekara nawa suka rage wa tallafin. Kwantiragin shekara ɗaya ga mai aiki da ɓeraye, da ƙyar ma ka gama haɗa irin da kake buƙata. Ka kuma tambaya ko za ka tafi da wani ɓangare na aikin ranar da ka buɗe naka ɗakin.

Sannan ka nemi waɗanda suka bar wurin, domin na ciki bakinsu a ɗaure yake. Sunayensu na nan a tsofaffin maƙalolin ɗakin. Aika wa biyu imel, ka roƙi minti goma a waya.