Yadda na gyara daɓen tsakar gidanmu da ya tsattsage

A tsakiyar hunturun bara muka zuba kankare a tsakar gidanmu da ke Aboabo, nan Kumasi. Ko kwana uku bai yi ba sai ga tsaga kamar saƙar gizo, in ka karce da ƙusa gari ya tashi. Na ɗora laifin kan siminti. Kawuna, tsohon birkila, ya duƙa ya murza garin da yatsu, ya ce, "Ɗana, ƙishirwa ce ta kashe shi."

Ashe ƙarfin kankare ba daga bushewa yake zuwa ba. Ruwa ne ke haɗuwa da siminti su ɗaure yashi da tsakuwa, kuma aikin kwanaki yake ɗauka. Iska ta zuƙe ruwan saman tun ba a je ko'ina ba. Ga kuma nawa gangancin: na tsuga ruwa a kwaɓi don ya yi sauƙin bazawa, hakan ma rage ƙarfi yake. Tun zamanin Rumawa masu haɗa farar ƙasa da tokar dutse mai aman wuta, har zuwa simintin Portland da Joseph Aspdin ya yi wa rajista a Ingila a 1824, ruwa ke wannan aikin ɗaurewa.

Muka farfashe ɓangaren da ya lalace, muka sake zubawa da la'asar: kwano 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, ruwa daidai. Da ya kama, na shimfiɗa tsofaffin buhunan koko jiƙaƙƙu, na lulluɓe da leda, ina yayyafi safe da yamma har kwana 7. Babur kuwa sai bayan kwana 28 Kawu ya yarda aka shigo da shi.