Yadda ake zaɓar ɗan abin taɓawa kafin barci ga yaro mai ciwon suga

Duk uwar da ke da yaro mai ciwon suga ta san dare ne abin tsoro. Da rana kina ganinsa, in ya yi laushi ko hannu ya fara rawa kin lura kin ba shi wani abu, amma da ya kwanta shikenan sai dai ki yi ta leƙe kina taɓa goshi. Ni shekarar farko da aka gano ciwon a jikin yarona, lokacin yana ɗan shekara bakwai, kullum bayan isha'i sai in dama masa fura da nono cike da kofin silba har da suga in tsare shi sai ya shanye, wai don kar suga ya faɗi cikin dare. Bai faɗi ba kam, amma da asuba na'urar gwajin suga ta nuna 300 da ɗoriya, ya tashi fitsari sau uku wani lokacin ma a katifa, ga ƙishi ga kasala a aji. Sai da wata nas ta karɓi littafin da nake rubuta lambobi ta zaunar da ni, ta ce "Maman yaro, ai ke kike tayar masa da sugan nan da hannunki." Wallahi ranar kunya kamar in nutse. Abin da na koya tun daga nan shi zan faɗa, amma dan Allah lambar da likitan yaronku ya ba ku ita ce gaba da tawa.

Abu na farko, gwaji kafin kwano. Kar ki ba shi komai sai kin ga lamba. Ki sa ya wanke hannu da sabulu ya goge ya bushe, don in ya ci mangwaro ko dabino ɗazu zaƙin da ya maƙale a yatsa zai sa na'ura ta yi miki ƙarya ta nuna suga ya hau alhali bai hau ba, mu ya taɓa faruwa da mu. Sannan ki lura da lokaci, mu nan tuwon dare bayan magariba ko isha'i ake ci, in ya ci tuwo ƙarfe takwas kika gwada takwas da rabi to lambar tuwon kika gani, ba lambar da zai kwana da ita ba. A bar kamar awa biyu tsakani, shi yasa na dawo da abincin darensa daidai magariba.

Na'urorin ma kala-kala ne. Wata manyan lambobi take nunawa, an rubuta mg/dL a gefe, wata ƙanana masu ɗigo, mmol/L, in kika ninka ƙaramar sau 18 za ki samu babbar. 'Yan uwanmu na Nijar kuma sau da yawa da g/L ake musu lissafi, 70 ɗinmu shi ne 0,70 nasu. Ƙasa da 70, wato 3.9, suga ya faɗi kenan, wannan ba maganar abin taɓawa ba ce, ceto ne, zan zo kai. Mu abin da likitansa ya tsara mana shi ne in lambar tana ƙasa da 130, wato wajen 7, a ba shi cikakken abin taɓawa, tsakanin 130 da 180 ɗan kaɗan ko rabi, in ta haura 180, wato 10, a bar shi ya kwanta haka. Naku zai iya bambanta, ki tambaya ki rubuta a bangon littafi.

Na biyu, ki san wace allurar insulin yake yi, don rabin amsar a nan take. Yawancin yaranmu Mixtard ake ba su, wadda take fari-fari kamar an zuba madara, sai an ɗan murza kwalbar a tafin hannu kafin a ja. Haɗi ce, kashi 30 mai saurin aiki kashi 70 mai jinkiri, kuma mai jinkirin nan ƙarfinta yana kai ƙololuwa ne awanni bayan an yi ta, kamar awa huɗu zuwa takwas har goma. To ki lissafa da kanki, an yi allura ƙarfe bakwai na yamma, tsakanin sha biyun dare da uku tana kan ganiyarta, daidai lokacin da tuwon ya gama narkewa kowa na minshari. Shi yasa yaron da ke kan Mixtard ko Insulatard, wadda ita mai jinkirin ce zalla, kusan kullum yana buƙatar ɗan wani abu kafin barci. Wanda ke kan irin su Lantus kuwa, wadda take garau kamar ruwa, aikinta a shimfiɗe yake kusan yini da kwana ba ta da wannan tudun, saboda haka ba dole ba ne kullum sai ya ci, sai in lamba ta yi ƙasa. In ma ya zamana kullum sai an cusa masa abinci kafin ya kai safe lafiya, to allurar ce ta yi yawa, a koma wa likita ya rage, ba a yi ta ƙara kwano ba.

Na uku, me ya yi yau? Wannan mutane na mantawa. Ranar da ya buga ƙwallo da la'asar, ko ya yi ta tseren keke a layi, ko aka je gona, jikinsa zai ci gaba da zuƙar suga daga jini har cikin dare don ya mayar da abin da ya ƙona, kuma abin na iya ɗaukar yini guda. Irin wannan rana ko lambar ta yi kyau ina ba shi, in ta yi ƙasa-ƙasa in ƙara. Haka ranar da ya tsakuri tuwo ya ture kwano alhali an riga an yi allura, ko yana zawo.

To yanzu sai zaɓen abin da za a ba shi, nan ne aikin yake. Dabarar ita ce a haɗa abu biyu, mai ɗauke da sitaci kimanin giram 15 a cikinsa, da mai gina jiki ko ɗan maiƙo da zai riƙe shi kar ya shige jini lokaci ɗaya. Sitacin shi ke ɗaga suga, abokin haɗin shi ke ja masa birki.

Giram 15 ba wani abu ne mai yawa ba, ranar da na fara gani a faranti sai da na ji tausayinsa. Yankan biredi ɗaya na mai yanka-yanka, ko rabin ayaba matsakaiciya, ko ƙaramar tuffa, ko ƙananan dabino uku, ko guntun dafaffen dankalin Hausa da ya ɗan fi ƙwai girma. Kofin madara ɗaya ba suga yana da wajen giram 12, kuma ita madara ta zo da abokin haɗinta a jikinta, shi yasa in na gaji ita nake kamawa. A ɗaya ɓangaren kuma akwai dafaffen ƙwai, soyayyar gyada cikin tafin hannunsa ba naki ba, ƙuli-ƙuli, awara yanka biyu, tunkuza ko man gyada mai kauri da ake shafa wa biredi, ɗan kifi ko tsokar nama.

Haɗin da ya fi karɓar yarona shi ne biredi yanka ɗaya da dafaffen ƙwai, sai dankali da garin ƙuli wanda shi ya fi so, sai rabin ayaba da gyada. Alale ma yana da kyau sosai, na ƙaramin gwangwani, don wake a hankali yake sakin sitacinsa kuma ga gina jiki a ciki, ƙosai ƙanana biyu ko uku haka, sai dai mai. Kindirmo ba suga shi ma ya yi, amma ki san wurin wa kike saya, don wasu masu tallan nono na ƙara ruwa da garin kuka ya yi kauri, na kanti kuma yawancinsu cike suke da suga ko da bakinki bai ji sosai ba, ki juya robar ki duba layin kabohaidiret, wato sitaci da suga.

Wani kuskure da na ga iyaye na yi bayan sun tsorata da hawan suga, sai su koma ƙwai zalla ko awara zalla. Ƙwai ba shi da sitaci ko kaɗan, awara ma kusan haka. In lambar yaro 85 ce kuma Mixtard na jiran sha biyun dare, ƙwai kaɗai ba zai tare komai ba, dole sai da biredin ko dankalin. Inda ƙwai zalla ke da amfani shi ne daren da suga yake sama amma yaro na kukan yunwa, sai a ba shi ƙwai ko gyada ko kokwamba ya ji ya ci wani abu ya kwanta.

Abubuwan da na daina bayarwa da dare kuwa, fura mai suga, kunu da koko, shayi mai kauri da Milo ko Bournvita, madarar gwangwani mai zaƙin nan mai kauri, cincin, lemun kwalba, zoɓo mai suga. Masu ruwa-ruwan nan saurin hawa suke su kuma sauka da wuri, sha ɗaya na dare suga na sama, ukun dare an koma gidan jiya. Indomie ƙaramar leda ɗaya ma ta kai wajen giram 40 na sitaci, ai wannan abincin dare na biyu ne. Fura in ya matsa ina ba shi da rana, ɗan gutsure a cikin nono mai yawa ba suga. Kuma dan Allah yaron da bai kai shekara biyar ba kar a ba shi gyada ƙwaya-ƙwaya ko ƙuli mai tauri musamman yana gyangyaɗi, tana iya sarƙe shi, a daka ta zama gari.

Sauran yaran gidan kuma ki ba su irin abin da kika ba shi. In yana cin dankali yana kallon ƙannensa na shan lemo, gobe a ɓoye zai sha.

Yanzu maganar ceto. In kika gwada kika ga ƙasa da 70, ajiye biredi da gyada gefe tukuna, maiƙo jinkirta suga yake yi, cakulan ma haka. Abu mai saurin shiga jini ake so, ƙwayar suga uku, ko ƙaramin cokali uku na suga a ɗan ruwa, ko rabin kofin lemun kwalba na ainihi ba wanda aka rubuta ba suga ba, ko babban cokali ɗaya na zuma in ya wuce shekara ɗaya. Ƙaramin yaro ɗan shekara uku ko huɗu ƙwaya biyu ta isa. Ki jira minti 15 ki sake gwadawa, in har yanzu ƙasa yake ki maimaita, sai ya haura sannan ki ba shi abin taɓawan da zai riƙe shi zuwa safe. Minti 15 ɗin nan kamar shekara yake, hannunki zai yi ta ƙaiƙayin ƙara masa, ki daure.

In kuwa Allah ya kiyaye kika same shi ba ya farkawa ko yana jijjiga, kar ki ɗura masa komai a baki zai iya shiga huhu. Ki kwantar da shi ta gefe, in kuna da allurar gulukagon, wadda ke ɗaga suga cikin gaggawa, a yi masa, a ɗauke shi sai asibiti mafi kusa, kuma kuna shiga ku ce mai ciwon suga ne yana kan insulin.

Suga na iya faɗuwa yana barci bai tashi ba, alamunsa gumi har riga ta jiƙe ko da sanyi ake, firgita, ihu ko surutai cikin barci, da safe ya tashi da ciwon kai. Akwai daren da nawa ya yi ta kurma ihu yana ture-ture, kakarsa ta taso da carbi tana cewa gamo ya yi a kawo ruwan tofi, na ce "Hajiya ki yi masa addu'ar, bari ni kuma in huda yatsa." 52 muka gani. Tun daga ranar ita da kanta take cewa a ɗauko na'ura.

Ta ɗaya gefen, in lambar dare ta haura 250, wato wajen 14, ba abin taɓawa, ruwa kawai, in kuna da tsinken gwajin kiton na fitsari ku gwada, kiton wani sinadari ne da ke taruwa a jini in insulin ya gaza. In ya haɗa da amai, ciwon ciki, ko numfashi mai zurfi da sauri, kar a jira gari ya waye. Kuma kar ki ƙara masa allura da ka kafin barci sai in likita ya riga ya rubuta miki nawa za a ƙara.

Mataki na ƙarshe shi ne ki gane ko abin da kika zaɓa ya yi aiki, kuma ba yadda za a yi ki sani sai kin tashi tsakar dare. Ba kullum ba, na san tsadar tsinken gwaji, kowa a jikinsa yake ji. Amma duk sanda kika canza abin taɓawa, ko aka canza allura, ko ya yi wasa mai yawa, ki saita ƙararrawar waya ƙarfe biyu ko uku ki gwada, sannan ki sake da asuba. Ki rubuta lambar kwanciya, abin da ya ci, ta tsakar dare, da ta safe. In tsakar dare ƙasa ne, abin ya yi kaɗan ko allura ta yi yawa. In tun tsakar dare yana sama har safe, abin ya yi yawa ko allura ta gaza. In kuma ukun dare lafiya lau amma da asuba ya hau, wannan sau da yawa sinadaran girma ne da jiki ke saki gab da wayewar gari, an fi gani a yaran da suka fara tasawa, ba laifin biredinki ba ne, likita za a nuna wa. Haɗi ɗaya ki gwada shi dare biyu ko uku kafin ki yanke masa hukunci, a haka na gano dabino uku sun yi wa nawa sauri amma dankali da ƙuli na kai shi asuba cif.

Bayan ya ci ya wanke baki da buroshi ko asuwaki, haƙora ma suna da hakki. Ni a gefen katifarsa akwai wata tsohuwar robar man shafawa da na wanke, a ciki ƙwayar suga shida a ƙulle a leda saboda tururuwa, kusa da ita na'ura da tocila, don in an ɗauke wuta ba na son in tsaya lalube a kicin ƙarfe biyun dare.