Yadda Ake Zaɓen Ƙaramin Tankin Murjani Na Farko

Wanda ya ƙuduri aniyar raya murjani (wata halitta mai rai da ke manne wa duwatsu a cikin teku) da kifin teku a ɗakinsa zai fi samun sauƙi idan ya fara da irin tankin nan da ake haɗa komai a jikinsa: gilashi guda ne da aka raba bayansa da baƙin bango, aka ɓoye matatar ruwa da famfo da hita a can, ta yadda ba sai an huda gilashi ko an ajiye tanki na biyu a ƙarƙashin teburi ba. Sai dai tankunan sun bambanta ƙwarai, kuma abin da ya fi ɗaukar ido a shago ba shi ne yake riƙe ran murjani ba.

A fara da yawan ruwa. Mutane da dama suna zaton ƙaramin tanki ya fi sauƙin kulawa, alhali akasin haka ne. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, kuma idan ruwa ya ƙafe gishirin ba ya bin sa. Tanki mai lita 20 da ya rasa lita guda a yini, gishirinsa ya ƙaru da fiye da kashi 5 cikin 100, mai lita 80 kuwa kashi ɗaya da ɗan ɗoriya ne kawai, kuma haka lamarin yake ga zafi da kashin kifi da ragowar abinci. Don haka ya kamata mai farawa ya tsaya tsakanin lita 50 zuwa 120. A cikin irin waɗannan tankuna, Fluval Evo 13.5 mai lita 52 yana daga can ƙasa, Red Sea Max Nano yana ɗaukar lita 75, BioCube 32 kuma ya kai kimanin lita 120. A tuna cewa duwatsu da rairayi za su cinye wani kaso na adadin da aka rubuta a kwali, kuma tanki mai lita 75 idan an cika shi yakan kusanci kilo 100, wanda ba kowane teburi ne zai ɗauka ba.

Sashen baya shi ne inda ya kamata mai saye ya ɓata lokacinsa. Galibi ɗakuna uku ne: ruwa yana kwarara ta cikin ƴan tsage-tsage zuwa na farko, inda auduga ko safar tacewa take kama datti, na tsakiya yana ɗaukar gawayin tace ruwa da hita, na ƙarshe kuma nan famfon da ke mayar da ruwa gaba yake zaune. A zura hannu a kowane ɗaki tun kafin a biya kuɗi, domin wurin da hannu ba ya shiga ba zai riƙa samun wanki ba, komai kyan niyyar mai shi. A kuma lura da girman ɗakin ƙarshe, saboda a nan kaɗai ƙafewar ruwa take bayyana: gaban tanki yana cike fal, amma a baya ruwa yana ta sauka har famfo ya fara zuƙar iska yana feso kumfa. Idan ɗakin ƙarami ne, na'urar da ke ƙara ruwa da kanta ta zama dole, kuma ruwan da ake ƙarawa mara gishiri ne.

Murjani yana samun yawancin abincinsa ne daga wasu ƙananan halittun gansakuka da ke zaune a cikin namansa, waɗanda suke buƙatar haske mai ƙarfi, musamman shuɗi. Fitilar da ke zuwa tare da yawancin waɗannan tankuna ta wadatar ga murjani mai laushi irin su Zoanthus da Discosoma, kuma da su ya dace a fara. Acropora, murjani mai tauri da rassa, wanda hotonsa ke jawo mutane cikin harkar, a bar shi sai hannu ya faɗa.

Akwai batun da masu ƙera tankunan, waɗanda galibi ƙasashe masu sanyi suke yi wa lissafi, ba su cika damuwa da shi ba. Murjani yana son ruwa mai digiri 24 zuwa 26, kuma idan ya daɗe a wajen digiri 30 sai ya fara korar gansakukar jikinsa ya yi fari fat. Mai zaune a Kano ko Sakkwato ko Yamai, inda zafin bazara yakan haura digiri 40, matsalarsa sanyaya ruwa ce, ba ɗumama shi ba. Tanki mai rufaffen murfi yana rage ƙafewa kuma yana hana kifi tsalle waje, amma yana tara zafi. A irin wannan yanayi buɗaɗɗen tanki da aka rufa wa raga, aka kafa masa ƙaramar fanka, ya fi, kuma inda babu na'urar sanyaya ɗaki sai an sayi injin sanyaya ruwa. Haka nan idan aka ɗauke wuta famfo ya tsaya, iskar da kifi ke shaƙa tana raguwa cikin sa'o'i kaɗan, don haka inbata ko famfon iska mai batir yana cikin kuɗin tanki tun ranar farko.

Ragowar kasafin ya haɗa da gishirin teku na musamman, injin tace ruwa na RO/DI mai cire ma'adinai da datti daga ruwan famfo, ma'aunin gishiri, kayan gwajin amoniya da naitaret (sinadaran da kashin kifi ke haifarwa a ruwa), da duwatsu. Bayan an cika tanki sai a bar shi mako huɗu zuwa shida ba kifi, har bakteriyar da ke cinye amoniya ta kafu, sannan a saka kifin ocellaris, ƙaramin kifi mai ruwan lemo da fararen zane, guda biyu, a riƙa sauya kashi 10 cikin 100 na ruwan kowane mako.