Yadda za ku buɗe kulob ɗin gasar gem a makaranta ya zama karatu ba shiririta ba

Toh malamai, in ɗalibanku sun fi haddace sunayen gem a kan darasin jiya, ƙwace waya kullum ba zai kai ku ko'ina ba, gara a jawo abin cikin makaranta a sa masa tsari. Kuma ba yau aka fara ba fa. A 2014 jami'ar Robert Morris ta Chicago a Amurka ta fara ba ɗalibai tallafin karatu saboda gem ɗin League of Legends, a Ingila kuma tun 2020 akwai kwas ɗin koyon sana'a na BTEC kan esports, wato gasar gem, da kamfanin ilimi na Pearson da ƙungiyar British Esports suka haɗa.

Ku fara da zaɓen gem ɗaya tak. Ni dai Rocket League zan ce, motoci ne ke buga ƙwallo, uku-uku ake yi, kowane wasa minti 5, babu harbi babu jini, kuma tun 2020 kyauta ake sauke shi. League of Legends yana da zurfin dabara amma biyar-biyar ne kuma wasa ɗaya sai ya cinye rabin awa ko fiye, kafin a zauna a tattauna lokaci ya ƙare. Ƙananan yara kuwa Minecraft Education ya ishe su, a ba su gasar gini cikin ƙayyadadden lokaci. Kowanne kuka ɗauka ku duba shekarun da hukumomin tantance gem, PEGI ko ESRB, suka rubuta a kansa tukuna.

Kayan aiki ba sai an yi ƙarya ba, kwamfuta shida sun isa uku-uku. Amma ku jona su da kebul ɗin intanet, kar ku dogara da wifi, don in ping, wato jinkirin netwok, ya hau, yaro zai danna motar ba ta amsa ba sai bayan an zura masa ƙwallo, daga nan sai rigima.

Yanzu ga inda karatun yake, kuma nan ne kulob da yawa ke zubewa. Cikin yara talatin da wuya a samu ɗaya da zai ci abinci da buga gem, ku faɗa musu wannan tun ranar farko. Aikin yana kewayen wasan ne, don haka kowa a ba shi kujera: wani ya tsara jadawalin gasa da teburin maki, wasu biyu su yi sharhi kai tsaye, wani ya riƙe OBS Studio (kyauta ne shi ma) yana ɗaukar wasan yana haɗa sauti da hoto, wani ya zana fosta, wani alƙali, wani kuma shi ne mai gyara in netwok ya tsaya ko na'ura ta ƙi tashi. Duk bayan sati biyu a juya kujerun, har gwanin bugawan ma sai ya ɗanɗana sharhi, za ku sha mamaki yadda yaron da ba ya ɗaga hannu a aji yake zuba zance in an miƙa masa makirfo.

Bayan kowane wasa a kunna maimaicinsa, Rocket League yana ajiyewa in an danna. A tsayar daidai inda aka ci su a tambayi tim ɗin, wa ya kamata ya koma baya, me ya sa ku uku duk kuka bi ƙwallo ɗaya? Su rubuta amsar da hannunsu, su lissafa harbi nawa suka yi nawa ya shiga, kashi nawa cikin ɗari kenan. Malamin lissafi da na harshe su karɓi wannan a matsayin aikin aji, in ba haka ba wlh kulob ɗin ya zama gidan gem kawai.

Doka kuma a rubuce, yaro da iyayensa su sa hannu. Wanda makinsa ya faɗi ko yake fashin aji ya huta sai ya gyara, zagi a wasa dakatarwa ne, hira da baƙi a intanet a kulle ta. Sau biyu a sati, awa ɗaya da rabi, ya wadatar. Iyaye za su yi ɗari-ɗari kuma suna da hujja, Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta sa jarabar gem cikin jerin cututtuka a 2019. Ku gayyace su gasar ƙarshen zango, a ba su kujerun gaba, jadawalin da za a raba musu ya zama wanda 'ya'yansu suka tsara.