Yadda zaka yi wa motarka juyen baƙin mai a gida da famfon batir

Masu mota da yawa a garin nan na Kaduna ba kuɗin juye ne ya dame su ba, abin da ya dame su shi ne ka kai mota gareji tun safe, oga baya nan, yaron shago ne zai shige ƙarƙashi ya kwance notin ƙasa ya kuma ɗaure shi da ƙarfin tsiya har tiredi ya cinye, bayan sati biyu sai ka fara ganin ɗigon mai a inda kake fakin. To akwai wani ɗan famfo mai aiki da batirin mota, 12V, da yake zuƙo baƙin mai ta sama, ta ramin geji, wato siririn ƙarfen nan da ake zarowa a duba mai, ba jak ba sifana ba kwanciya a ƙasa. Girmansa bai wuce ka riƙe a hannu ɗaya ba, yana zuwa da tiyo biyu, siriri da mai kauri, da waya mai kilif biyu ja da baƙi. Ka leƙa wajen masu kayan mota a Oriakpata ko Panteka, in babu ka yi oda ta intanet. Amma kafin ka cire kuɗinka ɗan'uwa, buɗe bonet tukuna, don ba kowace mota ce take yarda da shi ba.

Abu na farko, motarka tana da geji kuwa? Wasu BMW da wasu Mercedes na baya-bayan nan basu da shi kwata-kwata, a dashbod ake duba mai, to irin waɗannan sai haƙuri. Na biyu, ina filtarka take? Nan ne mutane ke ruɗewa. Mercedes da yawa, kamar C-Class ɗin nan da suka cika gari, filtarsu a sama take, kana tsaye zaka kwance murfinta ka canza, wannan ita ce motar da famfon nan ya fi dacewa da ita, aikin gaba ɗaya a tsaye zaka gama shi ko rigarka bata taɓa ƙasa ba. Amma Corolla da Camry filtarsu a ƙasa take, dole sai an miƙa hannu ta ƙarƙashi, wani lokacin sai an ɗaga motar. Duk da haka famfon yana da amfani don ya raba ka da taɓa notin ƙasa, kawai dai kada wani ya ce maka ka rabu da durƙuso har abada.

Sai ka nemi sanin lita nawa injinka yake sha. Wannan lambar ita ce komai a aikin nan, littafin mota yana ɗauke da ita, in babu littafin, kamar yadda yawancin motocin Belgium suke zuwa mana, ka duba a intanet da sunan motar da shekararta da girman injin. Misali Corolla mai injin 1.8 ta 2003 tana shan kusan lita 3.7 har da filta, Honda Accord mai 2.4 ta 2003 zuwa 2007 kuma kusan lita 4.2. Dalilin da yasa nake matsa maka a kan wannan shi ne, in ka kwance noti daga ƙasa idonka yana ganin man ya tsaya, amma da famfo baka ganin komai, yana iya fara zuƙar iska alhali akwai lita guda cur a kwance a ciki. Abin da ya fito cikin galan shi ne kaɗai shaidarka. Saboda haka ka nemi tsohon galan na baƙin mai mai lita 4 ko 5, irin mai layin nan a gefe da ake ganin inda mai ya kai, shi zaka tara a ciki, ba bokiti ba.

Ranar aiki ka ajiye motar a wuri shimfiɗaɗɗe, ka ja hanbirki. In gidanku mai gangara ne irin wanda ake hawa daga get, gara ka yi a waje inda ƙasa ta daidaita, don in motar ta karkata man zai taru a gefe guda ne, kuma ba lallai gefen da tiyo yake sauka ba. Ka tada inji ya yi kamar minti 5 zuwa 10, ka kashe. Ana son man ya yi ɗumi ne, wajen digiri 40 zuwa 60, ba tafasa ba. Wannan ɗumin ba ado bane. Yawancinmu 20W-50 muke zubawa, mai kauri, to ka gwada zuƙarsa da sanyin safiyar Disamba ko Janairu lokacin da hunturu ya sauka a Kaduna, tamkar shan zuma da tsinken lemo ne, famfon zai yi ta kuka yana zafi man yana tafiya da ƙyar. Mai 5W-30 ya fi saurin bi. Haka kuma kada ka dawo daga Zariya ko Abuja ka ce bari ka yi yanzu-yanzu tunda inji da zafi, a lokacin man ya kusa digiri 100, zai iya laƙwasa tiyon roba a cikin inji ya kuma ƙona maka hannu. Bar ta ta huce kamar rabin awa ko fiye.

Kafin ka fara zuƙa, zaro geji ka goge da tsumma, ka mayar, ka sake zarowa ka ga inda man yake. A yawancin motoci tsakanin alamar ƙasa da ta sama kusan lita ɗaya ce, to in ka tarar man yana alamar ƙasa ka san abin da zai fito ba zai cika lissafin littafi ba, ka rage lita ɗaya a ranka. Kuma don Allah ka tabbata gejin inji ka zaro. Mota otomatik da yawa geji biyu gare ta, ɗaya na man giya ne, man ja ne ko ja-ja, na inji galibi hannunsa rawaya ne. In ka zuƙe man giya ka zo ka zuba sabon baƙin mai a kan tsoho, ranar kai da kanikawa ne.

Yanzu ga dabarar da zata cece ka. Ɗauki siririn tiyon, faɗinsa wajen milimita 6 ne, ka jera shi da gejin da ka zaro, ƙarshe da ƙarshe, ka naɗa salatif a daidai inda hannun gejin yake. Kaga yanzu kana da alama. Buɗe murfin da ake zuba mai don iska ta samu hanya, sai ka fara tura tiyon cikin ramin geji a hankali. Idan salatif ya iso bakin rami, ƙarshen tiyon ya kai inda geji yake tsayawa kenan, saura ɗan kaɗan ya taɓa ƙasan kaskon mai, wato botom filet. Ci gaba da turawa sannu-sannu har ka ji ya dunguri ƙarfe, sai ka tsaya, ka ɗan jawo shi baya kaɗan don kada bakinsa ya manne da ƙasa ya toshe. Kada ka ce bari in ƙara turawa don ya fi shiga, tiyon zai lanƙwashe ne a ciki bakinsa ya koma sama ya fita daga cikin man, kai kana nan kana jin daɗi wai ya shiga sosai. In kuma ya cije tun kafin salatif ya iso, ka ɗan murza shi ka sake gwadawa, in ya ƙi to ya ƙi, wasu injina ramin gejinsu yana da kwana ko akwai faranti a cikin kaskon da yake tare hanya. Kada ka yi masa dole, tiyo ya tsinke a ciki sai an sauke botom filet.

A jikin famfon akwai kibiya da ke nuna inda mai yake bi, siririn tiyo a wajen shiga, mai kauri a wajen fita. Ka ɗaure bakinsu da kyau don in iska tana shiga ta mahaɗa ba zai ja ba. In sabo ne fil ka ɗiga masa ɗan mai a ciki kafin ka kunna. Saka mai kaurin cikin galan, ka sa wani ya riƙe ko ka ɗaure da waya, don yana iya tsalle ya fita ya yi maka fenti a tsakar gida, kuma Hajiya ba zata saurari bayanin ka ba, shimfiɗa kwali a ƙasa tun farko. Jan kilif a kan batir mai alamar +, baƙi a mai alamar -, inji a kashe, sai ka kunna.

Da farko zaka ji ƙararsa sama-sama, da ya kama mai sai muryar ta yi nauyi, ka ga baƙi yana tafiya a cikin tiyo. Kada ka damu da lita nawa a minti da aka rubuta a kwalinsa, baƙin mai ya fi dizal kauri nesa ba kusa ba, ka sa ran minti 5 zuwa 15 gwargwadon kaurin man da ɗuminsa. Wutar da yake ja kaɗan ce, irin masu 60W ɗin nan wajen amp 5, lafiyayyen batir ba zai ji komai ba. Idan ka ji ya fara kwarr kwarr kumfa tana bi ta tiyo, ka ɗan motsa tiyon sama da ƙasa, sau da yawa zai sake kamawa. In ya daina, kashe shi, kada ka bar shi yana juyi ba mai, man ne yake sanyaya shi. Jira minti biyar wanda ya maƙale a saman inji ya gangaro, ka sake ja. Sannan ka ɗaga galan ka duba layi. Inji mai lita 4.2 da ka tarar a cike, in ka samu kusan lita 4 to madalla, ragowar yana cikin filta. In lita 3 ka gani, aiki bai ƙare ba, zaro tiyo ka sake sakawa.

Kanikawa zasu ce maka ai famfo baya fitar da dattin ƙasa. Maganarsu ba ƙarya bace gaba ɗaya. Injin da ake masa juye a kan lokaci, dattinsa yana yawo ne a cikin man mai ɗumi, tare suke fitowa ko ta sama ko ta ƙasa. Amma motar da ka saya hannu, baka san tarihinta ba, ka buɗe murfi ka ga baƙin laka ya daskare, wannan a fara kwance ta daga ƙasa a ga abin da zai fito. Ni shawarata ma, juyen farko da zaka yi da famfo, bayan ka gama zuƙa ka sa a kwance notin ƙasa sau ɗaya ka gani da idonka. In ɗan ɗigo ne ya fito, shikenan motarka ta dace da famfo, in kuma ya zubo kamar rabin lita ka san tiyon baya kaiwa inda ya kamata a wannan injin. Bayan nan ma, lokaci-lokaci a buɗe ta ƙasa a duba ko akwai garin ƙarfe.

Filta kuma ba wani dogon zance. In irin ta gwangwani ce da ake murzawa, kwance tsohuwar, ka tabbata robarta ta fito tare da ita bata manne a jikin inji ba, shafa sabon mai a robar sabuwar, ka ɗaure da hannu, in robar ta taɓa ka ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye. Zaro tiyo, mayar da geji, sa mazurari ka zuba sabon mai amma ka rage kamar rabin lita. Tada inji, fitilar mai ta dashbod ta mutu cikin ƴan daƙiƙu, in bata mutu ba kashe nan take. Leƙa filta ko tana yoyo, kashe inji, jira minti biyar, duba geji, ka cika a hankali har kusa da alamar sama. In hannunka ya zarce ya wuce alama ba sai ka tada hankali ba, ga famfo nan, minti ɗaya ya rage maka shi. Ka rubuta kilomitar da motar take da kwanan wata a salatif ka manna a cikin bonet, da ƙurar garin nan da go-slow ɗin Kawo da Ahmadu Bello Way yawancinmu a kilomita 5,000 muke sake juye.

Famfon nan na baƙin mai ne da dizal kawai. Kada ka kuskura ka ja fetur da shi ko da layi ya kai ina a gidan mai, ɗan injin lantarkinsa yana tartsatsi a ciki, gobara ce. Ruwa kuma yana sa shi tsatsa. In ka gama ka rataye tiyon su tsiyaye, ka ɗaure bakinsu da leda saboda ƙura, don yashin da ya shiga siririn tiyon nan cikin injinka zaka tura shi a juye na gaba. Tsohon man kuma ka sa safar hannu wajen taɓa shi, ka rufe galan ɗin da kyau nesa da yara, kada ka zuba a kwata, kwatocin Tudun Wada da Kabala da Barnawa duk Kogin Kaduna suke nufa da damina. Kai shi wajen mai juye na unguwarku, suna tarawa a duro akwai masu zuwa saye.