Darasi Na 9: Idan Makullin Mota Ya Ɓace Ko Ya Karye

A da, makullin mota ƙarfe ne kawai. In ya ɓace, mai yankan makulli a kasuwa ya ishe ka. Yanzu abin ya sauya. Tun 1998 doka a Jamus da Ingila ta tilasta sa wa sabbin motoci na'urar hana sata, kuma da yawa cikin motocin da ake shigo mana da su ta Kwatano daga Turai suke.

A cikin baƙar robar kan makullin akwai wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa, ana ce masa cif. Da ka murɗa makulli, ƙwaƙwalwar mota za ta duba lambar cif ɗin. In ba ta gane ta ba, ko makullin ya buɗe ƙofa, mota ba za ta tashi ba. Saboda haka wanda za ka kira sai wanda ya iya yanka, ya kuma iya saitin cif.

Ba sai ka ɗauko janwe ba. Masu wannan sana'a suna zuwa har inda motar take. Faɗa wa wanda ka kira sunan mota, shekarar ƙira, da lambar shasi, wato haruffa da lambobi 17 da ke cikin takardunka. Ku yi ciniki tun a waya. In ya nemi ganin takardun mota da katin shaidarka, kada ranka ya ɓaci. Wanda bai tambaya ba shi ne abin tsoro, don gobe zai yanka wa ɓarawo.

Zai jona kwamfutarsa a wata kafa da ke ƙarƙashin sitiyari, ya koya wa mota sabon makulli. A nan ka ce masa: "Malam, a goge wanda ya ɓace." In ba haka ba, duk wanda ya tsince shi zai iya tafiya da motarka.

In makulli ya karye a ciki, kada ka zura ƙusa ko waya. Ajiye guntun da robar, don cif ɗin yana iya amfani.

Kafin ya tafi, sa shi ya yi maka na biyu. Kwafin makullin da ke hannu ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba.

Aiki: Ɗauko takardun wata mota, nemo lambar shasi, ka kwafe ta a littafinka. Ƙirga, sun cika 17?